Boykin ko American Water Spaniel: wanne ya dace da farautar agwagi da gida mai yara?

Malam, ka ce kana zaune a Amurka, kana farautar agwagin daji da ƙaramin kwale-kwale, akwai yara a gida, kuma Labrador ya yi maka girma. Tsakanin karnukan nan biyu da ka ambata, Boykin da American Water Spaniel, sanyin ruwan da za ka riƙa shiga ne zai raba maka gardama, sai halin kowanne a cikin gida ya biyo baya.

In ka gan su daga nesa sai ka ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Duk launin ƙasa-ƙasa mai duhu, kunnuwa masu reto, tsayi bai wuce santimita 46 a kafaɗa ba. Boykin yana tsakanin kilo 11 zuwa 18, American Water Spaniel kuma yakan kai 20. Kowanne za ka iya kama shi da hannu ɗaya ka jawo shi cikin kwale-kwale ba tare da kun kife ba, abin da ke da wuya da Labrador mai kilo 30.

Asalinsu ne ya bambanta. American Water Spaniel ɗan jihar Wiskonsin ne, daga kwarin kogunan Fox da Wolf, inda ruwa ke dosar ƙanƙara tun damar farauta ba ta ƙare ba. Gashinsa nannaɗe ne ko mai lanƙwasa, da wani mai kauri a ƙarƙashi, da maiƙon da ke hana ruwa taɓa fata. Maiƙon nan yana da ɗan wari, kuma yawan wanka da sabulu na kwashe shi, kare ya koma jin sanyi, fatarsa ta bushe. A ɗauraye shi da ruwa zalla bayan farauta, a taje shi sau ɗaya a mako, ya isa. Boykin kuwa an fitar da shi ne a Karolina ta Kudu a farkon ƙarni na 20, don farautar agwagi da talotalon daji a fadamun kogin Wateree, kuma sunan mutumin da ya yi kiwonsa, Whit Boykin na yankin Camden, ya ci. Gashinsa bai kai na wancan kauri ba, shi ya sa yake jure zafi har a kai shi farautar kurciya a watan Satumba. A ruwa mai ƙanƙara kuwa yana saurin karkarwa, dole a sa masa rigar roba, a rage yawan shigarsa, a goge shi da tawul tsakanin fita da fita. In a kudu kake, ka tuna akwai kada a ruwan can lokacin ɗumi, kuma karen da ke fantsama a bakin ruwa abinci ne a wurinta.

A gida, Boykin ya fi sauƙin kai. Yana sakin jiki da yara da baƙi da sauran karnuka. American Water Spaniel yakan zaɓi mutum ɗaya ya manne masa, yana ɗari-ɗari da baƙo, yana da haushi, wasu kuma suna da kishin kwanon abinci. Ana gyara wannan tun yana kwikwiyo: a riƙa ba shi abinci da hannu, a jefa masa wani abu mai daɗi a kwano yana tsaka da ci, a hana yara tsokanarsa a lokacin. Su biyun duk suna buƙatar gudu ko iyo na kusan awa ɗaya kullum. Idan a tsakar gida ko gareji za a yi masa wuri, kamar yadda gidajenmu da yawa suka fi so, babu laifi, amma kada a bar shi yini guda shi kaɗai. Daga nan haushi da tona ƙasa da tauna takalma ke farawa.

Wajen lafiya ne za ka tsananta. A Boykin akwai ciwon gado da ake kira EIC: kare yana cikin aiki mai tsanani da zumuɗi, bayan mintoci kaɗan ƙafafunsa na baya su saki. A tudu yakan farfaɗo in ya huta. A tsakiyar ruwa, nutsewa ce. Ana gane shi da gwajin ƙwayoyin gado, kuma sai kwikwiyo ya gaji ciwon daga uwa da uba duka kafin ya kamu, don haka ka ce mai kiwo ya nuna maka sakamakon iyayen biyu a rubuce. Ka haɗa da takardar hoton ƙugu ta OFA, ƙungiyar da ke tantance lafiyar karnuka a Amurka, wadda ake bayarwa bayan kare ya cika shekara 2, da ta ido da ta zuciya. American Water Spaniel ma ana duba masa ƙugu da ido da zuciya, sannan wasu suna zubar da gashi a wuya da cinyoyi. Kunne kuwa matsalar su duka ce: ruwa ya kwanta a ciki, kunnen ya rufe, sai ƙaiƙayi da wari. A tsane shi da auduga bayan kowane iyo, a sa ruwan wanke kunne na likitan dabbobi sau ɗaya a mako.

Horo da lallashi suke so, tsawa na sa su noƙe. Kada a fara da harba bindiga kusa da shi. Wani ya tsaya nesa, kamar mita 100, ya harba ƙarama daidai lokacin da kwikwiyon ke bin abin da aka jefa masa, a riƙa matsowa cikin kwanaki. Tsoron ƙara in ya shiga, da ƙyar yake fita.

In a jihohin kudu kake ko masu matsakaicin sanyi, ɗauki Boykin, samunsa ma ya fi sauƙi. In kana Wiskonsin, Minnesota ko Michigan, American Water Spaniel ne naka, sai dai masu kiwonsa kaɗan ne, ka shirya jiran layi. Idan kuma manyan dinyar Kanada ce yawancin abin da kake harbi a buɗaɗɗen ruwa, tsuntsu mai kilo 4 ko 5 ya yi wa dukansu nauyi, gara ka sake duba Labrador ɗin nan.