Paq Mochila: masu kai jaka a hanyar Santiago, da aikin da suke bar wa jagoran ayari

Daga garin Sarria zuwa Santiago de Compostela, a yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya, tafiyar kimanin kilomita 115 ce a ƙafa, ta cikin gonaki da ƙauyuka. Asalinta hanyar ziyarar Kiristoci ce, amma yau mutane da yawa hutu ne ke kai su. Galibi kwana biyar ake yi, ana yada zango a Portomarín, Palas de Rei, Arzúa da O Pedrouzo. Duk wanda aka ɗora wa kula da mutum takwas ko goma a wannan hanya, kaya ne za su fara hana shi barci. Don haka ne gidan wayar ƙasar, Correos, yake da hidimar Paq Mochila, ta kai wa matafiya jakunkunansu daga masauki zuwa masauki.

Tsarin ba shi da wuya. Za ka yi rajista a shafinsu, ka rubuta masaukin kowane dare, a maƙala wa kowace jaka takardar shaida. Ka ajiye su wajen masu karɓar baƙi kafin ƙarfe 8 na safe, su kuma Correos alkawarinsu shi ne su kai masauki na gaba kafin 2:30 na rana. Kada jaka ta wuce kilo 15. Kuɗin kuwa yuro kaɗan ne a kan kowace jaka a kowane zango.

A ganinmu kuɗin ya biya, musamman in akwai dattawa ko masu ciwon gwiwa. Mutumin da zai yi kilomita 25 daga Portomarín zuwa Palas de Rei da ƙaramar jaka mai kilo uku ba ɗaya yake da mai kilo goma a gadon baya ba: ƙafa ba ta saurin yin bororo, ayari ba ya rabuwa gida biyu.

Sai dai jaka kaɗai suke ɗauka. Sauran aikin na jagora ne, kuma nan ake yawan tuntuɓe.

Na farko shi ne masauki. Dole ka san inda za ku kwana tun jiya, domin direba ba zai bi ku yana tambaya ba. Masaukan gwamnati masu araha ba a kama wuri a cikinsu tun kafin a iso, da yawansu kuma ba sa karɓar jakar da aka aiko a mota. Gidan haya wanda ba kowa a ciki da rana shi ma matsala ne, sai ka tambayi mai gidan inda ake ajiye kaya, wataƙila wani shagon shayi ne a makwabta. Rubuta cikakken suna da adireshi, don sunayen masaukai na kama da juna.

Ka zo da ƙaramin sikelin rataye, ka auna jakunkuna da dare, ba da safe ana gaggawa ba. Kada a ɗaura takalmi ko sanda a waje, su ne ke faɗuwa wajen lodi. Ka ƙirga jakunkunan, ka ɗauki hotonsu a jere kafin ku fita.

Abin da bai kamata ya shiga mota ba: fasfo, kuɗi, magungunan kowa, rigar ruwa (Galisiya ba a rantse mata kan ruwan sama), ruwan sha kamar lita ɗaya da rabi, filasta, da takardar tafiya da ake buga wa hatimi. Wannan takarda tana bukatar hatimi biyu a rana ga mai son shaidar kammalawa, in ta tafi cikin babbar jaka ranar ta wuce ba hatimi.

Zangon da ya fi karya mutane shi ne Palas de Rei zuwa Arzúa, kusan kilomita 29. Ayari mai rauni gara ya raba shi a Melide tun wajen rajista, domin in an gaji an tsaya can ba shiri, kayan suna Arzúa. Wanda ƙafarsa ta ƙi kuma, motar kaya ba za ta ɗauke shi ba. Ka karɓi lambar tasi ta kowane gari a masauki tun da safe, in abin ya yi tsanani ka kira lambar gaggawa, 112.