Na'urar IPL ta cire gashi a gida: ta dace da mai PCOS, ko asarar kuɗi ce?

Duk wadda ke bin shafukan masu sayar da kayan gyaran jiki a Instagram da sitatus na WhatsApp a garin nan na Kaduna ta ga wannan na'ura. 'Yar ƙarama ce da ke cika tafin hannu, da tagar gilashi a bakinta. A manna ta a fata, a danna, ta yi walƙiya. Tallar cewa take cikin 'yan makonni an rabu da gashi har abada, wasu ma an rubuta a kwalinsu wai za su yi walƙiya sau 999,999. Yawancin masu tambayar kuɗinta ba gashin ƙafa ne ya dame su ba. Gashin haɓa ne, da na saman leɓe, da na tsakiyar ƙirji da ƙasan cibiya, irin wanda PCOS (larurar rikicewar homon da ke taɓa ma'ajiyar ƙwan mace) ke jawowa, wanda mace ke tsigewa da hantsaki kullum safiya kafin ta fita, ta kuma ja hijabi ta rufe tabon da tsigar ta bari.

Hukuncinmu kai tsaye: ga mace baƙar fata mai gashin fuska saboda PCOS, wannan na'ura ba abin saye ba ce. Ga mai hasken fata na halitta da ke son rage gashin ƙafa ko na hammata, ta kamfani mai suna tana yin aiki daidai gwargwado. Ga dalilan.

IPL haske ne mai ƙarfi wanda ya haɗa zango-zango masu yawa. Abin da yake nema shi ne melanin, sinadarin da ke ba gashi da fata duhunsu. Melanin ɗin gashi ya sha hasken, ya koma zafi, zafin ya gangara ya lalata saiwar. To fatarmu ma cike take da melanin. Kamar baƙar riga ce a ranar Afrilu, ita ke fara ɗaukar zafi. Hasken da aka nufa da saiwar gashi sai fata ta tare shi tun a sama, ta ƙone, saiwar kuwa tana can ƙasa lafiya lau. Manyan kamfanoni irin su Philips da Braun ba su ɓoye wannan ba: suna buga jadawalin launin fata a kwali ko a takardar bayani, suna nuna cewa fata mafi duhu ba ta cikin waɗanda aka yi na'urar dominsu. Likitocin fata suna kasa launi gida shida bisa ma'aunin Fitzpatrick, kuma akasarin matan Kaduna suna gida na 5 ne ko na 6, daidai inda matsalar take.

Daga nan kayan kasuwa suka rabu gida biyu. Masu tsada suna da wani ido da ke auna launin fata kafin su haska. Idan ya ga fatar ta yi duhu, sai na'urar ta ƙi walƙiya sam. Mai saye ta ɗauka lalatacciya aka ba ta, alhali aikinta take yi. Masu araha, waɗanda ba a san ma kamfaninsu ba, galibi ba su da wannan idon, ko'ina aka manna su za su haska. Su ne ke barin shaida mai kusurwa huɗu, daidai girman tagar gilashin, jere a kan muƙamuƙi: ta fara da ja da raɗaɗi, wani lokaci ta yi bororo, daga baya ta zama baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Mai jikin da ke yin kumburarren tabo kuwa, wanda ya taɓa fito mata bayan hudar kunne, kada ma ta gwada.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu nan, kuma masu sayarwa ba sa ambata ta: man bilicin. Fatar da aka haska da mai takan yaudari idon na'urar, ya ɗauke ta fara, ya ba da haske mai ƙarfi. Amma fata ce da ta yi siriri, musamman idan man na ɗauke da sitiroyid irin clobetasol, ga shi ƙwayoyin da ke yin melanin suna nan daram, suna jiran abin da zai taɓa su. Ƙunar ta fi muni, tabon ya fi baƙi. Shi kansa man sitiroyid yana tsirar da gashi a fuska. Haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai sitiroyid ɗin dexamethasone a cikinsu. Wadda ke amfani da ɗayansu ta gaya wa likita gaskiya, kuma wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta yanke ta rana ɗaya da kanta, a hankali ake janye ta.

Ko da fatar ta dace, saura babbar tambaya: daga ina gashin yake zuwa? A PCOS jiki na samar da homon ɗin maza fiye da kima, ko saiwar gashi ta fi jin tasirinsa. Sau da yawa jiki ba ya jin insulin, homon ɗin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, sai insulin ya yi yawa a jini, ya zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da testosteron, ya kuma rage furotin ɗin da hanta ke yi don ɗaure shi. Wannan homon shi ke mayar da lallausan gashin da ba a gani ya zama kauri, baƙi. Na'ura za ta iya raunana saiwar da ta riga ta yi kauri, amma homon na nan yana tayar da sababbi. Ƙarfin na'urar gida kuma bai kai na asibiti ba, kuma an san cewa haske mai rauni a fuska yakan iya tayar da gashi maimakon ya kashe shi. Ba kowa abin ke samu ba, amma an fi ganinsa a fuska da wuya, a masu duhun fata, da masu matsalar homon. Siffar mai PCOS ta garin nan ke nan.

Saboda haka kuɗin na'urar ya fi amfani idan aka fara kai shi wajen likitan mata, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wani asibiti mai ƙwararre. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa PCOS na samun kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 na masu shi ba a gano ba. Bisa ƙa'idar da aka cimma a Rotterdam a 2003, sai an sami biyu cikin uku: al'ada mai wasa ko rashin sakin ƙwai, alamun yawan homon ɗin maza a jiki ko a gwajin jini, da tarin ƙananan ƙwayaye a ma'ajiyar ƙwai idan an yi sikanin. Sikanin shi kaɗai bai isa a ce mace na da PCOS ba, duk da an saba gaya wa mata haka. Likita na gari zai duba maƙoshi da gwajin TSH, ya duba homon ɗin prolactin da na 17-OHP a jini don kore cututtukan da ke kama da shi, ya kuma auna sukari, wanda mafi inganci shi ne a sha gram 75 na gulukos a sake aunawa bayan awa 2. Idan kuwa gashin cikin 'yan watanni ya taso gadan-gadan, murya ta yi kauri, wannan ba na jira ba ne, domin yana iya zama ƙari a ma'ajiyar ƙwai ko a glandar saman ƙoda.

Ga wadda ba ta neman ciki yanzu, maganin farko shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin homon biyu: tana daidaita al'ada, tana rage testosteron. Ba ta dace da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko wadda ta taɓa samun gudan jini a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da gane-ganen haske. Idan an yi wata 6 ba a gamsu ba, likita na iya ƙara spironolactone, galibi miligiram 50 zuwa 100 a rana. Sharaɗinsa mai tsauri ne: dole a kasance kan hanyar hana ɗaukar ciki mai inganci, domin yana iya taɓa halittar al'aurar ɗan tayi namiji, kuma mai ciwon ƙoda sai an riƙa duba fotasiyam ɗinta. Ba maganin da za a saya a kemis don ƙawa ta ce ya yi mata aiki ba ne. Metformin, wanda ake farawa da miligiram 500 tare da abinci don gudun tashin zuciya da gudawa, yana taimakon sukari da al'ada, amma tasirinsa a kan gashi kaɗan ne. Mai ƙiba da ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'adarta na gyaruwa. Duk waɗannan sai an ba su aƙalla wata 6, saboda gashin da ya riga ya fito sai ya gama zagayensa. Alamar farko ita ce tazarar da ke tsakanin aski da aski ta ƙaru. Mai neman haihuwa kuwa hanyarta daban ce, letrozole, maganin da ke sa a saki ƙwai, ake fara ba ta, gashin kuma a cire shi da hannu kawai.

Idan haske ake so, wanda aka fi amince wa a baƙar fata shi ne leza ta Nd:YAG mai zangon nanomita 1064, domin melanin ɗin fata ba ya shan ta sosai, tana ratsawa ta kai ga saiwa. Kafin a kwanta a kowane wurin gyaran jiki, a Kaduna ne ko Abuja, a tambaya: “Hajiya, wace irin na'ura ce, nawa ne zangonta?” Wurare da yawa IPL gare su amma leza suke kiranta. Wurin kirki zai gwada ɗan ƙaramin waje a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ce a dawo bayan kwana biyu, ya ba da tabarau na kare ido, ya kuma faɗi gaskiya cewa za a yi zama 6 ko fiye, tazarar mako 4 zuwa 6 a fuska, kuma mai PCOS za ta riƙa dawowa jefi-jefi. Farin gashi babu hasken da ke kama shi. Maganinsa siririyar allurar lantarki da ake zurawa cikin kowace saiwa ɗaya bayan ɗaya. Tana da cin lokaci, amma ita ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yarda a kira cirewa ta dindindin.

A tsakanin nan me za a yi da safe? Aski. Maganar cewa reza na ƙara wa gashi kauri ba gaskiya ba ce. Bakinsa ne da aka yanke ke yin kaushi a hannu. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a sa kumfa, a bi inda gashin ya kwanta da reza mai baki ɗaya, kada a ja fata. Gashinmu mai murɗewa ne, idan aka aske shi ƙasa sosai ko aka tsige ya karye a ciki, sai ya huda fata ya yi ƙuraje, su ne ke barin baƙin haɓar da mata da yawa suka fi ƙi a kan gashin kansa. Halawar da masu gyaran amare ke dafawa da sukari da lemon tsami tana ba da hutun makonni, amma wadda ke shirin yin leza ta bar ta, ta bar hantsaki, wajen mako 4 kafin zama, domin idan an tumɓuke saiwar hasken ba shi da abin kamawa. Akwai kuma man eflornithine, wanda aka sani da Vaniqa: sau 2 a rana, tazarar awa 8, ba a wanke wurin sai bayan awa 4. Ba ya cire gashi, rage saurin fitowarsa yake yi, ana ganin bambanci cikin mako 4 zuwa 8, kuma idan aka daina, gashin na komawa yadda yake cikin kimanin mako 8. Samunsa a nan ba sauƙi. (Masu jin nauyi ta fuskar addini su sani malamai sun bambanta wannan da tsigar gira. Imam Nawawi ya ce idan gemu ko gashin baki ya tsiro wa mace, cire shi abin so ne.)

Wadda ta riga ta saya, fatarta mai haske ce ta halitta, ba ta da ciki, kuma tana son ta ci moriyar kuɗinta, ta tsaya a ƙafa da hammata. Ta aske wurin, ta wanke, ta bushe shi, babu mai babu turare. Ta fara da mataki mafi ƙasa a ɗan waje, ta jira awa 48. Ɗumi da ɗan ja na wucin gadi ba komai, amma zafin da ya daɗe ko canjin launi na nufin a ajiye na'urar. Kada a haska waje ɗaya sau biyu a zama guda, kada a bi ta kan tawadar Allah, ko zanen lalle, ko kusa da ido. Mai shan doxycycline ko isotretinoin don ƙurajen fuska, waɗanda masu PCOS da yawa ke sha, ta dakata sai ta tambayi likitanta. A bi tazarar da ke cikin takardar, wasu duk mako wasu duk mako biyu. Ƙarawa a kan haka ƙuna yake kawowa. Idan aka ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, man goge baki ko ɗanyen ƙwai, kada a fasa bororon, bayan ya warke a riƙa shafa man kare fata daga rana mai SPF 30 zuwa sama.

Ta fuskar ciniki ma akwai abin dubawa. Farashin na bin dala, akasarin masu kawowa ba sa ba da garanti, kuma kayan da ya taɓa fata ba a karɓarsa idan an mayar. Wadda ta nace sai ta saya, ta ce mai sayarwa ta turo mata hoton jadawalin launin fata da ke jikin kwalin, ta kara shi da launin wurin da take son haskawa, a hasken rana ba na fitila ba, kafin ta tura ko sisi. Idan kwalin ba shi da jadawali, ba shi da sunan kamfani da adireshi, ta bar musu kayansu.