Ra'ayina a kan ƴar na'urar ELM327 mai karanta matsalar injin mota

Duk mai mota ya san ƴar wutar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a dashbod, wadda muke ce wa cek injin, tana kamawa sai gaban mutum ya faɗi don ba ka san ko ƙaramin abu ne ko injin ne yake shirin tafiya ba. To akwai wata ƴar na'ura ELM327, girmanta bai fi kwalin ashana ba, na jima ina aiki da ita kuma gaskiya ina ba da shawarar a saya, sai dai mutum ya san me ya saya, don masu tallarta suna ɗora mata abin da ba ta iyawa.

Haɗa ta ba wani wahala. A ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba akwai soket mai rami 16, shi ake kira OBD2. A Amurka an tilasta shi a kan motoci tun daga 1996, a Turai kuma masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004, don haka in motarka an ƙera ta ne don waɗancan kasuwanni bayan waɗannan shekarun, to za ka same shi. Ka soka ta a ciki, ka murɗa makulli har wutar dashbod ta kawo, ka haɗa da waya ta Bluetooth, in ta nemi lamba yawanci 1234 ce ko 0000, sai ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Shi kenan, kwakwalwar motar za ta fara yi maka magana.

Abin da za ta ba ka lamba ce mai harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P na injin da giya ne, B na jikin mota, C na ƙasan mota irin su birki, U kuma na layin da kwamfutocin motar suke magana da juna. In ta fara da P0 ma'anarta ɗaya ce a kowace mota, in P1 ce to ta kamfanin da ya ƙera motar ce, dole ka nemo fassararta da sunan motarka, kar ka yarda da duk abin da manhaja ta rubuto.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimta, don a nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Lambar nan ba ta ce maka ga kayan da ya lalace je ka canza ba, abin da take faɗa kawai shi ne ga inda kwakwalwar ta ga abu bai yi daidai ba. Ɗauki P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa a cikin injin. Da yawa daga sun gan ta sai a ce sensar iskar salansa ce a canza, alhali ita sensar gaskiya ta faɗa, aikinta ta yi. Lokacin da ta fito min a tawa motar, shiga na yi wajen bayanan da ke motsi yayin da injin ke aiki, na duba ma'aunin gyaran mai, wanda a manhaja za ka ga an rubuta LTFT da STFT. A mota mai lafiya lambobin nan suna yawo ne kusa da sifili, in sun wuce 10 cikin ɗari to akwai magana. Tawa a tsaye tana sulo sun haura sosai, ina taka totur har juyin injin ya kai wajen 2500 a minti sai suka sauko kusan daidai, wannan kuwa alama ce ta iska tana satar hanya tana shiga ta wani waje. Na buɗe bonet na bi babban tiyon iskar da hannu ina lanƙwasa shi, sai ga tsagewa a cikin ninkin robar ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kana matsawa tana buɗe baki. Da a ce sama suka ƙara yi lokacin da na taka, da hankalina ya koma kan famfon mai ko matatar mai ko sensar da ke auna iska. Wallahi wannan kaɗai ya sa na ga amfanin na'urar.

Haka ma P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Fulogi ne? koyil ne? nozul ne? lambar ba ta sani ba. Amma in motar mai koyil ɗaya a kan kowane fulogi ce, ka musanya na biyu da na uku, ka goge lambar ka ɗan zaga, in ta dawo a P0303 to matsalar ta bi koyil ɗin ka kama ɓarawo, in ta tsaya a ta biyu sai ka duba sauran. P0420 kuwa, wadda ke nufin katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ba ya aiki yadda ya kamata, tana tsorata mutane saboda akwai tsada, amma, wani lokacin yoyon salansa ne ko sensar baya, a duba waɗannan tukuna. P0455 ma, wadda ke nufin tururin mai yana yoyo, sau da yawa murfin tanki ne bai rufu da kyau ba.

Inda ta gaza kuma ba zan ɓoye ba. Kusan duk masu arahar nan da ke yawo a intanet kwaikwayo ne. Asalin ELM327 wani kamfani ne na Kanada, Elm Electronics, ya yi shi, kuma bai taɓa fitar da sigar 1.5 ba duk da ita ce ta cika kasuwa. Abin mamaki a cikin na kwaikwayon ma masu 1.5 ɗin, musamman masu ɗauke da cif ɗin PIC18F25K80, sun fi suna da kirki a kan masu rubutun 2.1, waɗanda da yawansu an rage musu umarni, sai ka ga ta karanta sabuwar mota mai tsarin CAN, wato yaren da kwamfutocin sababbin motoci ke magana da shi, lafiya lau amma ta ƙi tsohuwa. Na taɓa riƙe irin wannan, ta haɗu da waya amma ta kasa haɗuwa da motar, ka yi ta jira tana juyawa. Don haka ka saya inda za a karɓa in ta ƙi. Sannan masu iPhone su lura, mai tsohon Bluetooth ba za ta yi muku ba, sai mai WiFi ko mai BLE, wato sabon Bluetooth mai ƙarancin cin wuta.

Wani abin kuma, ita injin ta fi sani. In wutar ABS ta birki ce ko ta jakar iska ta kama, yawanci za ta ce maka babu matsala alhali akwai, saboda waɗannan kowane kamfani da yarensa. A nan ne laftof ke shigowa, da kebul mai USB da manhajar da aka yi don irin motarka, FORScan ga Ford da Mazda, Techstream ga Toyota, VCDS ga Volkswagen da Audi, su biyun na ƙarshe ma kebul ɗinsu daban ne ba ELM327 ba. Allon laftof ya fi daɗin kallon zanen sensa tana hawa tana sauka, amma riƙe shi a cinya a cikin mota akwai takura. Don Allah kar wanda ya gwada canza saitin kwakwalwar mota da ta kwaikwayo ta Bluetooth, in ta katse a tsakiya sai dai a ja motar. Wanda kuma ba ya son harkar waya da manhaja, ƙaramar sikana ta hannu mai allonta da maɓallanta ta fi masa sauƙi, ba caji ba haɗawa, daga soket ɗin take shan wuta.

Maɓallin goge lamba shi ne ya fi damuna. Gogewa ba gyara ba ce, wutar za ta dawo, kuma kana gogewa ka share hoton yanayin da injin yake ciki lokacin da matsalar ta faru, zafinsa da gudunsa da nauyin da ya ɗauka, wanda bakanike mai hankali yake buƙata. Ka ɗauki hoton allon tukuna. In kuma wutar cek ɗin ƙiftawa take yi ba tsayawa ta yi cak ba, ka rage gudu ka nemi waje ka faka, ɗanyen mai ne ke wucewa salansa zai iya ƙona katalis. Ka riƙa cire ta in ka gama, ramin na 16 kullum akwai wutar batir a ciki ko mota a kashe take, in motar ta daɗe a ajiye za ta iya tsotse maka batir.

Mai shirin sayen mota ta hannu kuwa ya tafi da ita a aljihu. Wani zai goge lambobi kafin ka iso dashbod ya yi tas, amma kwakwalwar tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na katalis da na sensa da sauransu, kuma ana gogewa duk sai su koma ba su kammala ba har sai an yi tafiya mai ɗan yawa. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. In ka ga kilomita 5 ko 10 kacal a motar da aka ce kullum ana hawa, ka tambayi mai ita me aka goge, ka ce ku zaga da ita sosai sannan ka sake sokawa ka duba lambobin da ke jiran fitowa.