Hattara da masu sayar da "sahun farko a Google"

Jama'ar Birnin Kebbi, musamman masu shafin intanet na kasuwanci, makarantun kuɗi da ƙananan jaridu, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo a zaurukan WhatsApp suna cika baki wai cikin mako guda za su kai shafinka sahun farko a binciken Google. Hajarsu liƙau ce, wato link, adireshin da ake dannawa a wani shafi ya kai mutum naka: ka biya, su watsa adireshinka a dubban shafuka.

Wani bawan Allah mai sayar da shinkafa 'yar gida ya faɗa hannunsu. Da aka buɗe jerin da suka turo masa, sai ga shafukan caca, na batsa da na maganin ƙarfin maza, wasu da Rashanci, wasu da Sinanci. Wani shafin ma babu labari ko ɗaya a cikinsa, adiresoshi ne kawai jere reras, nasa a maƙale tsakanin na masu ba da bashi. Kuma ko'ina kalma ɗaya ce, "shinkafa mai araha", sai ka ce haddar allo. Yo me ya haɗa ɗan caca a Rasha da shinkafar Kebbi? Da ka ga liƙau sun zubo rana ɗaya daga inda babu ruwansu da sana'arka, to na banza ne.

Sayen liƙau don ɗaga shafi ya saɓa wa ƙa'idar Google. Tun 2012 kamfanin ya fito da tsarin Penguin don kama masu yin haka, daga 2016 kuma ya koma yin watsi da irin waɗannan liƙau, kamar babu su. Wato in an yi sa'a, kuɗinka ne kaɗai suka tafi. In ma'aikatan Google suka gano cewa saye ka yi, suna iya yanke wa shafin hukunci, ya nutse, ko sunansa aka rubuta a sha wuya kafin a gan shi.

Bayan 'yan makonni sai wata lambar ta kira mutumin, wai shafinsa cike yake da "guba", ya kawo kuɗi a wanke. Ni dai ban raba ɗaya biyu ba, bakinsu ɗaya da na farkon.

Dubawa kyauta ce. Ka shiga Google Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, sashen Links zai nuna maka manyan shafukan da ke nuno naka, sashen Manual actions kuma shi ke faɗa ko an hukunta ka. In babu komai a nan, kwantar da hankalinka. Akwai Disavow, inda ake ce wa Google ya daina lissafa wasu liƙau, amma na wanda ya saya ne kuma hukunci ya hau shi ko yake dab da hawa. Mai ganganci da shi yakan zubar har da nagarin da ke tallafe da shafin.

Kalmar sirrin shafinka kuwa, ko da wasa kada ka miƙa musu. Da ita suke cusa tallar caca ta ciki, wani lokacin su sauya ta, mai shafi ya koma roƙo.