Tulun tangaran na ƙasar Sin: wanne ya cancanci kuɗinka

Idan kuɗinka na tulu ɗaya ne, sayi mai shuɗi da fari. Ni dai a nan na tsaya. Shuɗin na sinadarin kobal ne, a jikin ɗanyen yumɓu ake zana shi, a lulluɓe da ruwan ƙyalli, sannan a gasa da zafin da ya kai kusan digiri 1,300. Zanen yana ƙarƙashin ƙyallin ke nan, ko ka shekara ɗari kana gogewa ba zai koɗe ba. Yawancinsu daga Jingdezhen suke fitowa, a lardin Jiangxi. Na zamanin Sarki Kangxi (1662 zuwa 1722) sun fi kwanta mini: shuɗin ya yi duhu nan, ya yi haske can, duwatsu da ruwa su fito da zurfi.

Masu ruwan hoda da suka yi tashe zamanin sarakuna Yongzheng da Qianlong, fentinsu a saman ƙyalli yake, yana ɓarewa, ga tsada. Koren tulun garin Longquan kuwa na bar wa masu so.

To, sai maganar jabu. Mai kaya zai kife maka tulun, ya nuna haruffa shida a gindi, ya ce ga sunan sarki nan. Wannan ba hujja ba ce. Su kansu maginan zamanin Kangxi sun riƙa sa sunan Chenghua, wanda ya yi sarauta daga 1465 zuwa 1487, balle na yau. In ka ga an rubuta CHINA da boko, da wuya ya girmi 1891. Labarin tulun da aka kai wa kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Faris cikin kwalin takalmi a 2018, aka sayar Yuro miliyan 16.2, gaskiya ne, kuma da irinsa 'yan damfara ke yi wa mutane romon baka.

Shafa zoben gindin, inda babu ƙyalli. Tsohon gaske sulɓi ne da shi saboda daɗewa a ajiye, na ƙarya kuwa an jiƙa shi da ruwan shayi ko an cusa masa ƙasa, dattin na bin tsumma mai laima. Ɗora gilashin ƙara girma a kan zanen: in ɗigo-ɗigo ne a jere, bugun inji ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyayyen gyara. Akwai masu samo tsohon gindi na gaske su manna wa sabon jiki, har gwajin shekaru ya ruɗe idan daga gindin aka kankari samfur. Rataya tulun a yatsa ka ƙwanƙwasa: lafiyayye ƙara yake mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙwas kawai za ka ji. Haska shi da fitilar duba jabun kuɗi a cikin duhu, wurin da aka liƙe yakan fito da wani launi daban.

Wanda ya ce maka a Guangzhou zai sa maka tulun zamanin daular Ming, mai ɗaruruwan shekaru, a kwantena, to ka sani dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911. Ko sabo ne, ko ya tsaya a kwastan.