Timiya ko Bilma: wacce za ka ɗauka daga Agadas?

Malam, ka ce kuna da hutun mako guda, kuma kun rasa zaɓi tsakanin hawa duwatsun Abzin zuwa Timiya da ratsa Tenere zuwa Bilma. To, sunan hamada kawai ya haɗa hanyoyin nan biyu.

Ta Abzin dutse ce. Kilomita 200 ne da 'yan kai, amma sai ta cinye muku yini, don mota tafiyar hawainiya take yi a kan tsakuwa da busassun ƙoramu. Taya take ci, ku riƙe safaya biyu. Daɗinta shi ne akwai mutane. Ko mota ta lalace, wani makiyayi ko mai babur zai ɓullo. Kuna isa Timiya sai ga kore shar a gindin baƙin dutse: lemo, rumman, dabino, raƙumi yana jan guga a rijiyar lambu.

Tenere kuwa yashi ne, wajen kilomita 600, babu kwalta, babu inuwa. Sai an rage iskar taya kafin a shiga, kuma duk da haka mota za ta kafe, ku sauko da shebur kuna tona ƙarƙashinta, hunturu yana cika muku baki da rairayi. Itace ɗaya tilo da ayari ke gane hanya da shi, babbar mota ta ture shi a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, na ƙarfe aka kafa a gurbinsa. Daga nan sai Fachi kafin ku sake ganin gari. A Bilma za ku ga inda ake zuba gishiri a yi kantu, gishirin Balma ɗin da Buzaye suka daɗe suna saukowa da shi ƙasar Hausa su koma da gero. Ni wannan kaɗai ya ishe ni dalilin zuwa, amma da mota ɗaya ba a shiga Tenere, komai ƙwarewar direba. Kuma zuwa da dawowa zai lashe makon naku, ba ku zauna ko'ina ba.

Tunda karon farko ne, ku ɗauki Timiya, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da bargo mai kauri don sanyin dare. Kafin ku tayar da mota ku nemi izinin hukuma a Agadas, da ɗan jagora ɗan ƙasa, ku kuma tambayi batun rakiyar soja, don hanyoyin biyu duka akwai 'yan fashi.