Ɗaukar marubuci mai zaman kansa a Abuja: ribarsa da inda ake tafka asara

Na yi amfani da marubuta masu zaman kansu wajen ayyuka iri uku: bayanin kaya na Instagram da WhatsApp, takardar gabatar da kamfani, da rubutun tallar rediyo. Ra'ayina shi ne, ga mai shago a Kasuwar Wuse ko ƙaramin ofis a Utako, wannan hanya ta fi ɗaukar ma'aikaci na dindindin, muddin mai aikin ya san abin da yake so tun kafin ya kira marubuci.

Dalilin farko lissafi ne. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, kuma ƙwararren marubuci ba zai zauna maka a kan wannan ba. In kamfani ya kai ma'aikata 15, dokar fansho ta 2014 ta ɗora masa zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin kowanne a asusun fanshonsa. Ga tebur, ga kwamfuta, ga man janareta, a garin da kuɗin haya ke cin rabin riba. Alhali aikin rubutu zuwa yake yi lokaci-lokaci: gabanin azumi da Sallah, lokacin fito da sabon kaya, ko in an buɗe neman kwangila a wata ma'aikata. Sauran watanni ma'aikacin zama kawai zai yi.

Na biyu, hannu ba ɗaya ba ne. Wanda ya iya tallar turaren wuta mai daɗin ji ba lallai ya iya takardar neman kwangila ba, wadda ke son lambar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), shaidar biyan haraji da jerin ayyukan baya, kowanne a gurbinsa. Da masu zaman kansu, kowane aiki sai ka kai shi wurin gwaninsa.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen ba da aikin. Mutum ya tura saƙon murya na daƙiƙa talatin, ya ce a rubuta masa abu mai kyau a kan yajinsa, sannan ya yi fushi da abin da ya dawo. Marubuci bai ɗanɗana yajin ba. A rubuta masa shafi guda: wa ke sayen kayan, nawa ne farashi, nauyin kowace roba, ina ake kai wa, Gwarinpa da Kubwa kaɗai ko har Kaduna, da abin da ake so mai karatu ya yi in ya gama, ya kira ne ko ya zo shago. A faɗi tsawon rubutun da ranar karɓa. In tallar rediyo ce ta minti ɗaya, a sa shi ya karanta da babbar murya yana duba agogo, domin abin da ya wuce kalma 130 zuwa 150 sai mai gabatarwa ya riƙa haɗiye harafi.

Kuɗi kuma a raba shi biyu, rabi kafin alƙalami, cikon bayan an karɓi aiki. A yi magana a kan gyara tun farko. Zagaye biyu ya isa, abin da ya ƙaru a biya daban. Rashin wannan ne ke sa marubuci ya daina ɗaga waya a tsakiyar aiki, kuma sau da yawa ba na ganin laifinsa.

Akwai abin da 'yan kasuwa da dama ba su kula da shi ba. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, rubutu na wanda ya rubuta ne sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa haƙƙin sai a rubuce. Layi biyu da sa hannu sun wadatar, amma a yi su.

Ga masu son Hausa, a tsaya a duba da kyau. Wasu da Turanci suke rubutawa, su zuba a manhajar fassara, su miƙo. Ana gane wannan nan take: jimla ta yi tsawo ba numfashi, ɗ da ƙ da ɓ sun ɓace, an kira uwar gida da lafazin da ba mai faɗa mata a kasuwa. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a ba mutum ƙaramin aiki na kalma 100, a biya shi, a karanta wa yaron shago ko wata kwastoma. In sun tambayi me ake nufi, a nemi wani. A Fiverr da Upwork, shafukan intanet da ake ɗaukar masu aikin zaman kansu, akwai marubuta, amma na Hausa masu kyau an fi samunsu ta hannun wanda ya taɓa ba su aiki, ko cikin ma'aikatan gidajen rediyo da jarida masu karɓar aikin gefe.

Masu sayar da maganin gargajiya, man shafawa da kayan ci su ƙara lura. Marubuci mai son burgewa zai iya rubuta cewa kayanka na warkar da ciwon suga ko hawan jini. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta lamunci irin wannan ikirari ba, ARCON kuma, hukumar kula da harkar talla, ita ke tantance talla kafin ta fita, kuma in magana ta tashi mai kaya za a nema, ba marubuci ba. Kowace lamba, kowane alkawari, mai kamfani ya bi da idonsa kafin a wallafa.